Kyankyasai Uku a Cikin Kwalba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutane don in nuna musu kyankyaso ba. Shekarata ta farko ke nan ina koyar da kimiyya a wata kwaleji a Matameye, ban daɗe da dawowa daga jami'a a Damagaram ba, karatu na ta yi mini ɗumi a ka.

A can na karanta labarin wani kyankyaso mai cin itace, marar fiffike, wanda ba a samunsa sai a dazuzzuka masu laima na duwatsun Amurka da Sin da Koriya. Masana sun ce shi da gara kakansu ɗaya, wato ita ma gara kyankyaso ce da ta koyi zaman taro. Abin ya zauna mini a rai.

Babana masassaƙi ne, turmi da taɓarya yake yi. Wata safiya na ture wani ruɓaɓɓen kututture da aka kawo masa daga Dawce, sai ga kyankyasai sun watse, garin itace na zuba daga ramuka. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, abin da duk masana suka kasa gani a Afirka ga shi a ƙofar gidanmu! (Nawa kyankyasan suna da fiffike, amma ban damu ba. Na ce zafin ƙasarmu ne ya fito musu da shi.)

Na kama uku na zuba a kwalba, na huda murfin, na sa musu guntun itace, na ajiye a rumfar Baba.

"Uwata, me za ki yi da waɗannan ƙazaman?" (Sunan mahaifiyarsa na ci, haka yake kirana.)

"Bincike ne, Baba, ba za ka gane ba. Kada dai su mutu."

Ya ce to, ya ci gaba da sassaƙarsa.

Mako uku ina leƙa su, kullum sai ƙiba suke. Na kasa riƙe bakina, na faɗa wa direkte, shugaban kwalejinmu. Shi kuwa ya tara aji biyu da malamai, har da Mushe Laminu (Mushe muke kiran malamai maza, daga Faransanci), wanda yake koyar da kimiyya tun ba a haife ni ba. Baba da kansa ya turo kututturen a kura, sanye da rigarsa ta Juma'a, ya zauna a bencin baya.

Na zana taswirar duniya a allo. Na ɗiga alli a Amurka, na ɗiga a Sin, sannan na buga wa Matameye ƙatuwar alama, har allin ya karye. Mushe Laminu ya ɗauki kwalbar ya jujjuya.

"Madam, ni dai ban ga inda aka gatsi itacen nan ba."

"Mushe, mako uku ba su da komai sai shi. Dubi yadda suka yi ɓul-ɓul! In ba shi suke ci ba, to me suke ci?"

Sai na hangi hannu a sama can baya. Baba ne, ya ɗaga yatsa kamar ɗan lakol da ya san amsa.

"Ƙuli-ƙuli," in ji shi. "Na ga sun kwana biyu ba su taɓa itacen ba, ke kuma kin ce kada su mutu. Shi ne nake marmasa musu kowace safiya, da ɗan ɗigon ruwa. Kututturen ai gara ce ta cinye shi, su zaman aro suka shigo."

Aji ya fashe da dariya. Direkte ya rufe baki da hankici wai tari yake. Ni kuwa ina tsaye da guntun alli a hannu.

A hanyar gida yana tura kura, ina biye fuska a murtuke.

"Na ɓata miki, ko?"

"Baba, me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Kin ce ba zan gane ba. Sai na ɗauka akwai abin da ban gane ba ɗin."

Wannan ta fi dariyar 'yan aji shiga jikina. Muka ɗan taka, sai ya ce in ba shi labarin na gaskiyan, na can Sin. Na ce uwa da uba suna zama da 'ya'yansu a kututture ɗaya, suna ciyar da su har cikinsu ya iya itace.

"Ashe mutanen kirki ne. Har tsawon yaushe?"

"Kamar shekara uku."

Ya tsayar da kura, ya dube ni sama da ƙasa.

"Uku kacal? Kai, sun huta."

Na so in ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mini, da ɗan hawaye a ciki.

Har yau akwai tsofaffin ɗalibaina da ke ce mini Madam Ƙuli-ƙuli in mun haɗu a kasuwa, kuma ina amsawa. Yanzu in na ga wani abu nawa yana bunƙasa har na fara jin kaina, kafin in tara jama'a sai na koma gida na tambaya ko akwai mai marmasa masa abinci ban sani ba.