Ragon Mista Iminan

Wani ne a Tamawa ta ƙasar Kurfi, ya taɓa ɗaukar wa wani Bature safiyo, mai awon ƙasa, kaya na kwana tara. Tun daga nan ko akuya zai kora sai da Turanci. Wansa Labaran, ma'aikacin reluwe a Kaduna, ya ba shi kiwon wani ƙaton rago, ya ce ko gashinsa kada a taɓa, na layyarsa ne.

Ran nan sai ga takardar waya daga Labaran, an rubuta: ARRIVAL IMMINENT.

Gogan naka ya juya ta, ya gyara murya, ya dubi matarsa Rekiya. "Araiba dai zuwa ke nan, wanga na san shi. Iminan kuwa sunan Bature ne, mai gidan su Yaya. Garinmu za shi zo."

Rekiya ta ce, "To, a kama kaza."

"Kaza? Wa Mista Iminan? Miƙo mani wuƙa."

Aka kayar da ragon Labaran, aka soye shi, aka share ƙofar gida har sau uku. Jama'a suka yi ta leƙen hanya har magariba, ko ƙurar mota babu. Kashegari ma shiru. Don kada nama ya lalace, maƙwabta suka taimaka da zuciya ɗaya, har da masu kawo kwano daga wata unguwa.

Rana ta uku hankalinsa ya tashi. Ya ari keke sai Dutsin-Ma, wurin Malam Dalhatu, malamin makarantar boko.

"Malam, shin Iminan ɗin nan Di'o ne ko Razdan?"

Malam ya duba takarda. "Ba mutum ba ne. Kalma ce ta siffanta abin da ke gab da faruwa, kamar in hadari ya haɗo ka ce ruwa ya kusa. Nufinsa, ya kusa zuwa."

"Alhamdu lillahi. Yaushe za shi iso?"

"Wa?"

"Iminan ɗin."

"Na ce maka iminan shi ne ya kusa."

"Ai abin da nike hwaɗi ke nan, Malam. Shi ne ya kusa."

Malam Dalhatu ya miƙa masa takardarsa, ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Yana isowa gida ya tarar da Labaran tsaye da akwatinsa a gaban turke, yana kallon igiya. Can kan danga fata ce a shanye.

"Ina ragona?"

"An yanka ma Mista Iminan, Yaya."

Labaran ya dafe kai. "Wane Iminan? Cewa na yi zuwana ya kusa. Ni ne iminan ɗin, sakarai."

Gogan ya yi ajiyar zuciya, ya jingine keke.

"To ashe kai aka yanka mawa, Yaya. Wa ya ce ka ce ka kusa, sannan ka yi kwana ukku?"