Tsalha Bakanade da San Huɗata

Wani mutum ne a garinmu, Tsalha, ɗan Mairo mai ƙuli. Ni na san shi tun yana yawo ba wando, majina har haɓa. Allah ya yi masa tafiya Kanada, wata jiha wai ita Albata, ya dawo da hula mai faɗin faifai da bel mai kan ƙarfe kamar murfin tukunya. Daga ranar kunnuwanmu ba su sake hutawa ba.

Wai ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba itace. Wai gonar alkama ɗaya, mota sai ta sha mai kafin ta kai ƙarshenta. Wai man fetur a ƙarƙashin ƙafa, shanu a sama, nama kuwa kaurin yanka ɗaya ya kai tafin takalmi. Wannan duk na ji, ban musa ba, ban je ba. Amma da ya ce duk shekara ana taron hawan bijimai, kuma shi ne yake kayar da Turawa, sai na tofar da goron bakina. Uwarsa da kanta ta gaya mini aikinsa a can: cusa nama a kwali cikin ɗakin sanyi. Saniya mai rai ko a mafarki bai taɓa ba.

To, ga Tabawa, 'yar Sarkin Fawa, bazawara mai ji da kanta. Tsalha ya maƙale mata. Ita kuwa ta ce, "Ni 'yar mahauta ce. Wanda bai hau ƙaho ba, kada ya tako zauren gidanmu."

"Ƙaho?" in ji Tsalha. "Waɗannan 'yan awakin naku? Ranar wasan sallah ku kira ni!"

Kun dai san hawan ƙaho. A ɗaure bijimi da igiya, ƙarti su riƙe, namiji ya faɗa tsakanin ƙahoni ya rungume wuya. Ba wasan masu hula ba ne.

Da sallah ta matso, Tsalha ya shiga neman dabara. Sai ya lallaɓo wajen ɗana Mati, soko, ya ba shi tsohuwar hular Albata, shi kuma ya ara masa san huɗata, Kyalla. Kyalla fa! Sa ne da kaji ke kwana a bayansa. Ga girma kamar rumbu, ga ƙaho, amma zuciyar tunkiya. Tsalha ya shafe farin goshinsa da baƙin tukunya, ya ce daga dajin Fulani ya sayo shi, ya riga ya kashe mutum.

Ranar wasa, la'asar ta yi, na dama dusa da kanwa kamar kullum, na leƙa turke, wayam! Ga Mati a tsaye da hula kamar naman kaza.

"Kai, ina sana?"

"Iya, ai... ya ɗan je wasa."

"Wasa? Gobe yana da huɗa a fadama, ka ce mini wasa? Uban wa zai ja garmar, kai ko hular?"

Ban ko sa mayafin kirki ba. Na ɗauki kwanon dusa da muciya, na nufi fili.

Na tarar gari ya cika maƙil. Kalangu na tashi, maroƙa na zuba kirari: "Bakanade, dodon Albata!" Ga Tabawa a gefen ubanta, ta ci kwalliya. Ga Kyalla a tsakiya yana tuƙa, ido a lumshe kamar mai jin wa'azi. Tsalha ya zagaya shi yana buga ƙirji.

"Ku saki igiyar nan!" ya daka wa mahauta tsawa. "A Albata ba ma riƙe igiya. Igiya ta matsorata ce!"

Sarkin Fawa ya ce, "Yaro, ka tabbata?"

"Sarki, a sake shi!"

Aka saki. Tsalha ya ja da baya, ya zabura, ya faɗa tsakanin ƙahoni, tim! Ya rungume wuya yana ihu. Kyalla ko kunne bai kaɗa ba. Mata suka ɗau guɗa.

Ni kuwa na ɗaga kwano na buga da muciya. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

Kunnen Kyalla ya miƙe. Duk duniya ba abin da ke sa san nan gudu sai wannan ƙarar ta kiran dusa. Ya ɗaga kai sama, ƙaho ya zarge cikin bel ɗin nan na alfahari, Tsalha ya tashi sama yana reto kamar buhun da aka rataye. Na juya na kama hanyar gida, ina bugawa. Kyalla ya biyo ni a sukwane, didim didim, gari duka na biye da shi.

"Wayyo Allah! Ku riƙe igiya! Jama'a, igiya!"

Wani mahauci ya ce, "Ai ta matsorata ce, Bakanade!"

Tsalha ya ƙwala mini kira, "Gwaggo Yalwa, don Allah ki daina bugawa! Zan dawo miki da shi!"

Na ce, "Ga shi kuwa kana dawo da shi."

Muna shiga gida na juye dusa a kwatarniya. Kyalla ya sunkuyar da kai, bel ya tsinke, ɓas! Tsalha ya zube ciki, tsulum, wando a gwiwa. Sa ya sa harshe yana lashe masa fuska, ruwan dusa kuma ya wanke wa Kyalla baƙin tukunya, farin goshi ya fito fes. Sarkin Fawa ya leƙo ya ce, "A'a! Wannan ba Kyallan Gwaggo ba ne, da jikokina ke lilo a wutsiyarsa?"

Dariya har da masu kwanciya a ƙasa. Tsalha ya ɗago, dusa na ɗiga daga gemu, ya dubi Tabawa. "Ai dai na hau..."

Tabawa ta gyara ɗaurin kallabi, ta dubi ubanta.

"Baba, in dole sai na zaɓa a cikinsu, a ba ni Kyalla. Shi dai da ƙafarsa ya shigo, kuma ba wanda ya ji ihunsa."