Ranar da Motar Sirajo Ta Daina Gurnani

"Lahiya lau, ina gaji... Tsaya. Wa na wanga da yash shigo man gida awa ɓarawon akuya?"

"Mijinki na, tsohuwa. Ko kin sake wani ban sani ba?"

Sirajo ne, jikan Ma'u, wanda duk Juma'a yake baro Birnin Kebbi ya zo Argungu duba ta. Shekara biyu ke nan bai taɓa shigo mata ba zato ba, kuma ba ladabi ne ya hana shi ba, motarsa ce ba ta da sirri. A kan kwalta ba ka jin komai. Amma da ya karya kwana ya shiga lungunsu mai ramuka, ya ɗora ƙafa a birki yana lallaɓawa, sai birkin ya riƙa kama ƙarfen taya yana saki, yana kamawa yana saki, motar ta ɗauki gurnani tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. A haka sai ya yi minti biyar kafin ya iso ƙofar gida.

Abin da Sirajo bai sani ba, minti biyar ɗin nan su ne rufin asirin kakarsa. Gwiwoyinta sun daɗe da gazawa, har ta sa an yanko mata sanda a ɓoye. Ɗanta Abdussamadu, mahaifin Sirajo, ya riga ya yanke magana: ranar da ta fara dogara sanda, ranar za ta tattara ta koma gidansa a unguwar Badariya, can Birnin Kebbi. Ita kuwa ta rantse ba ta barin ɗakin da marigayi mijinta masunci ya ajiye ta shekara hamsin. Don haka da ta jiyo gurnani daga nesa sai ta cusa sanda ƙarƙashin gado, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauki tsintsiya ta tsaya tsakar gida tana cije haƙori. Yau kuwa ga ta tsaye, ga sanda a hannu, ga Sirajo yana kallo.

"Ina akwalar taka?" in ji ta. "Ta mutu ka taho ƙasa?"

"Tana waje. Ba ke kic ce tana hana kajinki ƙwai ba? Na kai ta gareji can unguwar Nasarawa, bakanike yac ce lakar hwadamar Augie da nika shiga ɗaukar albasa ta cinye birkin. Yas sa sabo, yag goge ƙarhen da samfefa. Don ke niy yi."

"Allah ya isa tsakanina da bakaniken ga."

"Wagga hwa mi ta a hannunki?"

"Ta korar awaki ta."

"Tun sallar bara anka yanke akuyarki ta ƙarshe. Ni nic ci kan."

"To ta korar jikoki ta. Matso ka gani."

Bai matsa ba, shi ma ba wawa ba ne. Ta shiga yi masa tuni cewa ƙafafun nan da yake hange sun taɓa ɗauko giwan ruwa daga bakin gulbi har gida ba tare da ta sauke ba, lokacin ubansa ko a ciki babu shi. Ya ce wannan kifi ya fi kowa lafiya a gidan, don duk shekara ƙara girma yake. Bara ya kai jaki, bana ƙila sai an kira tirela. Ta ce da ƙirarsa ta karan shinkafa ba mamaki 'yan matan Badariya suka bar mata shi. Ya ce shi dama ba don kyau ya aure ta ba, don kifin banda ne.

Nan ta fashe da dariya, ta yi ta yi har gwiwar hagu ta saki. Ta riƙe sandar da hannu biyu, dariyar ta tsaya. Da Sirajo ya ga haka, tausayi ya kama shi ƙwarai, da kunyar shekara biyun da ya yi yana yaba mata ƙarfin shara. Ya jawo turmi ya kife mata ta zauna.

"Za ka hwaɗa ma babanka," ta ce a hankali. Sannan ta nuna rumfar girki da haɓa. "Akwai banda kwando guda. Kwashe duka, ba ka ga komi ba."

"Toshiyar baki za ki ba ni da kihin da dama nawa na? Tambaya ɗaya: ke matar wa ta?"

"Matar wani lalatacce."

"Tun randa anka haihe ni kika cewa ni na mijinki, gaban shaidu. To mata ba ta tashi ɗakinta sai mai gida ya yarda. Abdussamadu ɗanki na, ni ko mai gida na. Zan hwaɗa mai kina da sanda, in hwaɗa mai ban yarda a ɗauke man mata ba."

Ya ƙara da cewa ƙanwarsa Hanifa ta gama makaranta, ba abin da take yi sai danna waya, ranar Lahadi zai kawo ta ta zauna nan. Sharaɗinsa guda, sanda ta daina kwana ƙarƙashin gado. Ma'u ta san ɗanta, ta san bai taɓa cin Sirajo a gardama ba. Daɗi ya cika ta har sai da ta goge ido da bakin zane.

"Waccan mai barci har hantsi? Ni za ni yi jinyarta." Ta sake tuntsirewa da dariya. "Ka ci, miji. Ɗauki kihinka, yau ɗai ka yi man rana."

Da zai tafi ta rako shi har waje, ƙwas, ƙwas, a gaban duk matan lungu. Ta tsaya ta ƙare wa motar kallo, ta dafa kafaɗarsa, ta ɗaga sandar ta ƙwala wa taya.

"Munahuka."