Ta'aziyyar Asumana Direba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa Asumana direba ta'aziyya a rediyo ba, ko da yake na so ƙwarai in manta.

A lokacin ina gabatar da shirin kiɗan rege a wata ƙaramar tashar rediyo a Madawa, duk Asabar bayan la'asar. Ni mushe ne a lakwal, wato malamin makaranta, shirin kuwa sha'awa ce kawai. Jarina duka wani tsohon kaset ne da yayana ya kawo daga Abijan, na wani mawaƙin Jamaika na zamanin da. Kwalinsa ya daɗe da ɓata, don haka ban san sunan ko waƙa ɗaya ba, da lamba nake kiran su. Ta farko mai ƙahonni ce, da ita nake buɗe shiri. Ta huɗu tana da wani kiɗa mai nauyi da yake sa kofin shayi rawa a kan tebur, 'yan kabu-kabu ita suke roƙo. Amma ta bakwai ita ce tawa. A hankali take tafiya, muryar mutumin tana karyewa kamar wanda ya sha kuka ya gaji, wasu mata suna amsa masa daga baya.

Matsalar ita ce ba na jin Ingilishi. Abin da na fito da shi daga kolej bai wuce gaisuwa da sunayen ranaku ba (su ma Talata da Alhamis har yau rikice mini suke). Sai dai wanda aka ba makirfo ba ya son a ji ya ce bai sani ba. Wata rana wani mai sauraro ya tambaye ni ma'anar ta bakwai. Na kasa kunne, sai na ji kalma ɗaya da na gane tana ta dawowa a cikin amshi: direba. A kan kalmar nan na gina gida har da soro. Na ce waƙar yabo ce ga direba mai amana, wanda yake kwana a hanya don ya mai da matafiya wurin iyalansu. Ba wanda ya musa. Kowane mako ina ƙara mata gishiri, har ni kaina na yarda da ita.

Asumana yana cikin masu kira a kai a kai. Kamyon, wato babbar motar albasa, yake ja daga nan zuwa Kumasi, wani lokaci har bakin teku. Duk Asabar da ta same shi a gida sai ya bugo ya ce, “Mushe, a sa muna tamu.” In na gama bayanina sai in ji shi yana dariya ƙasa-ƙasa, ya yi godiya ya kashe salula. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai sau biyu, amma ina jin sa kamar ɗan'uwa.

Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke shi. Bayan addu'ar bakwai na ce lallai shirin Asabar mai zuwa nasa ne. Na yi magana mai tsawo a kan haƙurinsa da wahalar hanya. Na ce wanda ya rera waƙar nan kamar ya san Asumana, duk abin da ya faɗa a kan direban cikinta, Asumana ne sak. Na roƙi iyalinsa su saurara da kyau, don su ji irin shaidar da duniya take yi wa mutum irin nasu. Sannan na saki ta bakwai, na jingina da kujera ina share ido.

Da ta ƙare na buɗe layin waya. Kira na farko muryar tsohuwa ce, ta ce sunanta Hajiya Mariyama, daga Azarori take kira. Ta gaishe ni a natse, ta tambayi yara 'yan lakwal, sannan ta ce, “Ɗana, wa ya fassara maka waƙar ga?”

Na gyara zama na ce ni ne.

Ta ce ita ta yi shekaru masu yawa tana sai da abinci a zangon Kumasi, Ingilishi kam tana ji har na 'yan Jamaika. Mawaƙin nan, in ji ta, kukan matarsa yake. Wani direba ne ya hure mata kunne ta bi shi, ta kwashe har tukunyar gidan. Amshin da matan nan suke yi kuwa addu'a ce, suna roƙon Allah ya fasa tayoyin direban a tsakiyar daji, inda ba ruwa ba inuwa.

“Wagga ba ta ta'aziyya ba ce, ɗana,” ta ce. “Allah shi jiƙan Asumana.”

Duk wannan kai tsaye, gari yana ji. Mai kula da na'ura ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kafaɗunsa suna motsi. Na rasa abin yi, sai na ce masa ya sa wata waƙa, kowace ce.

Dariyar 'yan tasha ba ta dame ni sosai ba, ko da suka laƙaba mini Mushe Ingilishi. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne tunanin matarsa tana cikin takaba, ta ji na tsaya gaban jama'a na ce mijinta sak mai sace matar mutane ne. Kwana uku ina jan ƙafa, ran na huɗu na tafi gidan.

Wan marigayin ya karɓe ni a zaure, ya aika ciki. Matar, Hadiza, ta zo ta tsaya bayan labule. Na fara ba da haƙuri ina in'ina, ta bar ni har na gama. Sai ta ce tun ranar farko da na yi wannan bayani Asumana ya fassara mata waƙar kaf, don shi ma ya koyi Ingilishi a hanya. Ta ce masa ya kira ni ya gyara mini, ya ƙi.

“Cewa ya yi a bar ka, taka fassarar ta hi ta mai waƙar,” ta ce. “Wai shekara da shekaru shina bisa hanya, ba wanda ya taɓa yabon direba a rediyo sai kai. Ran Asabar kuwa, wallahi ita ce dariyata ta farko tun da ya tahi.”

Na fito ban san ko sauƙi na samu ba ko kunyar ce ta ƙaru. Ashe shekara biyu mutumin nan yana rufa mini asiri, ni kuma ina ganin ni ne nake yi masa alheri.

Har yanzu ina shirin. In aka tambaye ni ma'anar waƙa, sai in ce ban sani ba, kuma na gane bakina bai taɓa yin ciwo ba don na faɗi haka. Kai dai in za ka yi wa mamaci kirari da bakin da ba ka ji, fara bincikawa ko akwai tsohuwar da ta taɓa zaman Kumasi a kusa, kuma tana da kiredi a salularta.