Yaƙin Tukur na Wanke Suna da Shahadar Tukunyar Gwaggo Kande

Da sunan Allah Mai kowa Mai komai. Bayan haka, mutanen Tudun Wada, ku kasa kunne ku ji tarihin Sadauki Tukur ɗan Sallau ɗan Nomau, jikan manoma masu kunya da suka koma ga Ubangiji babu mai bin su ko ƙwayar gero. Daga wannan tsatso mai albarka aka haifi Amirul Maciya Bashi, Garkuwan Gobe-Zan-Kawo, toron giwa mai canja lungu in ya hango mai shayi, wanda sunansa ya ɓaci tun daga bakin tasha har masallacin Juma'a, har ta kai Isiya mai shago ba ya miƙa masa ashana sai ya ga kuɗi a tafin hannu.

A shekarar da ya nemi rancen Keke Napep, ma'aikacin banki ya danna kwamfuta, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce sunansa ya yi baƙi. Sadauki bai karaya ba. Ya shiga halwa da wayarsa, har ya gano wani kamfani mai jera hotunan kaya: ka zaɓa a kawo maka, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, kowane biya a ƙara maka maki, in makin ya taru sunanka ya wanku.

"Allahu Akbar!" in ji Tukur. "Yau na gano ƙofar birnin!"

Ya ɗaura ɗamara, ya zare ɗan yatsa, ya afka wa hotuna ba sani ba sabo. Harin farko ya kamo dutsen guga na lantarki, a unguwar da taransifomarta ta ƙone tun daminar bara. Hari na biyu ya kamo injin matse lemo, shi da ko lemon sai an sam masa. Ganima ta taru a ɗaki, ɓeraye na kai mata caffa. Sai wata ya mutu. Saƙonnin kamfani suka fara sauka kamar ruwan kibau, aljihun Sadauki kuwa ko ƙura ta yi hijira.

A nan ne, jama'a, idonsa ya faɗa kan tukunyar Gwaggo Kande, ƙanwar ubansa, wadda ta goya shi har bayanta ya ƙage. Ba ta da gona, ba ta da fansho, sai wannan tukunya ta dalma mai cinye rabin buhun shinkafa ba ta yi gyatsa ba. Haya take ba da ita gidan biki da gidan suna, da ita take ci, da ita take sayen maganin ƙafa.

Ya durƙusa har ƙasa, munafuki. "Gwaggo, na samo miki haya a Kwatarkwashi, bikin masu kuɗi ne."

"To ɗan nan, ka dawo min da ita kafin Asabar. Gidan Isiya na da suna, na riga na karɓi kuɗinsu."

Ya kifa ta a ka kamar kwalkwali, ya yi sukuwa da ƙafa, bai zame ko'ina ba sai rumfar maƙera. Kafin la'asar tukunya ta yi shahada a cikin wuta. Ya karɓi kuɗinta, ya biya kamfani, waya ta yi ƙara, maki ya hau, Sadauki ya yi kabbara har awaki suka watse.

Ranar Alhamis Gwaggo ta shiga kasuwa, maƙeri ya gaishe ta da fara'a. "Gwaggo, Allah ya saka da alheri, dalmarki ta yi mana ludayi fal!"

Ta dawo gida da muciya a hannu. "Tukur! Ɗan banza mara kunya! Ina tukunyata?"

"Gwaggo, kwantar da hankalinki," in ji shi daga bayan turmi. "Yanzu kamfani ya yarda da ni. Dubi wadda na zaɓo miki, ta fi taki."

Ya miƙo waya daga nesa. Ga tukunya tana sheƙi, ta cika fuskar wayar tun daga sama har ƙasa, don haka a ilimin Sadauki ƙatuwa ce. Akwai ɗan rubutu a ƙarƙashinta. Gwaggo ba ta yi boko ba, shi kuma da aka sayar da tumaki aka kai shi makaranta bai duba ba.

Asabar ta waye. Matan gidan Isiya sun kafa duwatsun murhu, sun jibge itace, sun wanke shinkafa. Sadauki ya tsaya bakin titi cikin babbar riga, ya ɗauko mai baro da ƙarti biyu don sauke ganima. Can sai ga ɗan saƙo a babur. Ya zuge jaka, ya zaro wani kwali kamar na sabulu.

Aka buɗe. Tukunya ce, wallahi, har da murfin gilashi. Tana dafa ƙwai biyu in sun yi haƙuri da juna.

Mai baro ya ce a biya shi. Isiya ya aika wata unguwa hayar tukunya, Gwaggo ta kwance bakin zane ta mayar masa da kuɗinsa a gaban mata. Ana cikin haka wayar Sadauki ta sake ƙara: kamfani na yi masa albishir sunansa ya fara haske, yanzu ya isa a ba shi cokula shida bashi. Keke kuwa, banki ya ce tukuna.

To Mai Unguwa, ga ƙara gabanka, hukuncinka ake jira. Gwaggo Kande ba ta son maki, ba ta san kalarsa ba. Tukunya take so mai cin rabin buhu, daga aljihun Tukur, ko da babbar rigar za a sayar. Wadda ya kawo tana nan ƙofar gida ga mai son ganin shaida. Kaji ke shan ruwa a ciki, su ma sai bi da bi.