Yadda Ake Sabunta Jiragen Kamfani da Fenti da Labule

Ɗan'uwa, matso kusa. In burinka a kira ka ƙwararre a harkar jiragen sama alhali ko tayar keke ba ka taɓa canzawa ba, ka zo inda ya dace. Ni mai sayar da tikiti ne, shagona yana kallon ƙofar shiga filin jirgi, kuma kusan duk abin da zan koya maka a gaban idona aka yi shi. Wanda ya yi shi yana nan da ransa, har ya ajiye tumbi. Ma'aikata suna kiransa Suruki. Ka bi sawunsa, na ba ka tabbaci: ko jirgi bai tashi ba, kai za ka tashi.

Mataki na 1: Ka auri 'yar mai kamfani

Kada ka wahalar da kanka da karatu. Suruki turare yake sayarwa kafin ya auri 'yar Ciyaman, wato mai kamfanin. Ba a jima ba aka ba shi ofis mai sanyi da muƙamin daraktan tsare-tsare. A gida ka ce wa surukinka Baba, a ofis ka ce ranka ya daɗe. In ka iya wannan, ka gama rabin aikin.

Mataki na 2: Ka sayi fenti

Jirage biyu kamfanin yake da su. Ɗaya yana kwance a rumfar gyara, an cire masa inji, tantabaru sun yi gida a jelarsa. Ɗayan shi ke aiki, ma'aikata suna ce masa Akwala, domin in ya tashi har kofunan shayin shagona sai sun yi rawa.

Ciyaman ya ga wani kamfani a talabijin yana karɓar sababbin jirage, ransa ya sosu. Ya kira Suruki ya ce, "Mu fa? Haka za mu zauna ana yi mana dariya?"

Suruki ya ce, "Ranka ya daɗe, ka bar mini."

Ga abin da za ka yi. Ka tura Akwala rumfa, a shafe ta da fari, a ja mata layi ruwan gwal daga hanci zuwa jela. Ka ɗauki hotonta ta dama, ka ɗauka ta hagu, ka ɗauka daga ƙasa. Ka ga kana da jirage uku ke nan. Na kwance kuwa kada ka ce ya lalace. Ka ce an yi masa ritaya cikin girmamawa.

Mataki na 3: Ka rataya labule

Ka sani, talaka da mai hali a jirgi ɗaya suke tashi, tare suke sauka. Abin da mai hali yake biya shi ne kada ya ga talaka. Saboda haka labulenka ya zama mai kauri.

Suruki ya samo kujerun da ake kwantarwa su zama gado, na hannu, daga wani kamfani da ya durƙushe. Ya jera su a gaba. Da ya ga wurin bai isa ba, sai ya sa aka matse kujerun baya har gwiwar mutum tana gaisawa da haɓarsa.

Shugabar ma'aikatan cikin jirgi, wadda kowa ke kira Anti, ta same shi a ofis. Ta daɗe a kamfanin, da aikin nan take riƙe marayunta.

Ta ce, "Yallaɓai, ba a gwada kujerun nan ba. Kuma na baya fa? Mai ciki ba za ta iya zama ba."

Ya ce, "Anti, wannan shi ake kira kusantar juna. Ki sa musu furen roba."

Ka riƙe wannan amsa. Duk abin da ka rage wa fasinja, ka raɗa masa suna mai daɗi.

Mataki na 4: Ka nemi taswira da jan biro

Dogon zango ba ya buƙatar komai sai rula. Ka ɗora ta a kan taswira, ka ja layi daga garinku, ka tsallake teku, ka dire inda ya yi maka kyau. Ka rubuta a allon talla: kai tsaye.

Kyaftin, tsohon matuƙin Akwala, ya kalli layin ya cire tabarau. Ya ce, "Tankinta ba zai kai mu ba. Sai mun tsaya shan mai a hanya, ba sau ɗaya ba."

Suruki ya ce, "Fasinja za su sauka in kun tsaya?"

"A'a."

"To ai kai tsaye ke nan."

Mataki na 5: Kada ka bar dangi su shiga

A nan Suruki ya yi sake, don haka ka buɗe kunne. Ƙanwar matarsa ta haihu a can ƙarshen jan layin. Inna, mahaifiyar Ciyaman, tsohuwa mai ciwon baya da kaifin baki, ta ce ita ma a tashin farko za ta je ganin jariri.

Suruki ya je har ɗakinta ya durƙusa. "Inna, ki bari a yi na biyu. Tafiyar da nisa."

Ta ce, "Kai angona, ba kai ka ce a talabijin mutum zai kwanta kamar a gadon gidansa ba? Ko so kake kishiyoyina na ofis su riga ni?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ranar tafiya aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, Akwala ta tashi da ƙyar. Sauran labarin daga bakin Anti na ji. Inna ta danna maɓalli, kujera ta kwanta, ta zarce ta cikin labule, ta sauka a cinyar wani mai doguwar ƙafa da ke baya. Mutumin ya yi ihu. Aka danna, aka ja, aka tura, kujera ta ce ba ta san zancen ba. Ga shi za a sauka shan mai, kuma doka ta hana a sauka da mutum a kwance.

Babu kujerar da ta rage a gaba. Anti ta ɗaga Inna, ta riƙe ta, ta ratsa da ita labule zuwa baya, ta zaunar da ita kusa da wata mai goyo. A nan Inna ta ƙarasa tafiyar. Ta ga yadda ake zama a jirgin ɗanta. Da aka tsaya shan mai aka kashe na'urar sanyi, jaririn matar ya yi ta tsala kuka, Inna ta karɓe shi tana yi masa fifita da katin bayanin tsaro. A tsayawa ta biyu ta tambayi Anti, "'Yar nan, mun iso?" Anti ta ce saura. A ta uku ba ta tambaya ba.

Da suka isa, a keken marasa lafiya aka fitar da ita. Kafin ta ga jariri sai da ta kira ɗanta a waya. Sakatariyarsa ta ce Ciyaman a tsaye ya amsa, bai ce komai ba sai "To, Inna. Ki yi haƙuri, Inna."

Mataki na 6: Ka riga kowa nemo mai laifi

Ciyaman ya kira taro yana huci. Kada ka jira a tambaye ka. Suruki ya miƙe, idonsa ya yi ja kamar zai yi kuka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kujeru lafiyarsu ƙalau. Ma'aikata ne ba su iya maɓalli ba. Kuma wa ya ba da izini a kai Inna cikin talakawa?"

Kowa ya juya ya kalli Anti.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na faɗa masa tun..."

Ciyaman ya ɗaga hannu. Ya san gaskiya sarai. Amma in ya kori Suruki, da yamma 'yarsa za ta zo masa da kuka, Anti kuwa ba ta san hanyar gidansa ba. Ranar aka sallame ta, ta ajiye kayan aiki. Yanzu tana sayar da ruwan gora da katin waya a gefen shagona, kuma har yau in ta miƙa maka canji sai ta ce a sauka lafiya.

Suruki ya zama mataimakin Ciyaman, wai saboda ya gano matsala da wuri. Inna ta warke, ta ga jariri, ta dawo a jirgin wancan kamfani na talabijin. Ni na yankar mata tikitin, bisa umarninta, ta ce kada ɗanta ya biya.

Gargaɗi

Abin da ka karanta shawara ce, ba dole. In ka bi ta kujera ta karye, ko fasinja suka yi maka taron dangi, ko hukuma ta zo da tambayoyi, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, wannan rubutu ma tsintarsa aka yi. Alhakin wanda ka kora yana wuyanka kai kaɗai. In kuma abin ya yi kyau har ka ga ya dace ka gode mini, ka aiko da turare. Kada ka ba ni kyautar kujera a jirginka. Ni tikiti nake sayarwa, amma in tafiya ta kama ni, mota nake shiga.