Inda Babu Tsuntsu Ko Ɗaya

Kai Sagiru, wa ya aike ka? Don malaminku ya ce ku rubuto sunayen tsuntsaye shi ne za ka tsare ni da tambaya ina tsintar wake? Tsuntsu iri biyu ne, wanda ake ci da wanda ke cinye wa mutum hatsi. Amma tun da ka tono zancen, ku matso. Wanda ya katse ni kuma zai sani.

A Tungar Zalɓe, can bakin fadama, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, har da gemu, amma yana zaune da uwarsa Tasalla, don babu wadda ta yarda ta aure shi. Ba mahaukaci ba ne. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Dukiyar gidan kuwa akuya ce da 'yar gonar shinkafa da mijin Tasalla ya mutu ya bari, can bayan dajin kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Da gonar nan suke ci, da ita suke sutura.

Wata rana da bazara, lokacin da baƙin tsuntsaye ke taruwa za su koma ƙasashensu, shamuwa kuma tana hanyar zuwa, sai ga wani Malam Habibu daga birni, madubin hangen nesa rataye a wuya. Ya ce shi tsuntsaye yake kallo, kowane iri ya gani ya rubuta, shekara ta ƙare ya soma sabon lissafi. Aka ce na sayarwa ne? Ya ce a'a. Na ci ne? A'a. Wakili Dogo, mai tsaya wa dagaci a tungar, ya ja mutane gefe ya ce, "Ƙasa yake aunawa. Bana kallo, baɗi a zagaye muku fadama da waya." Tasalla ta ji haka, ta tuna da gonarta. Da baƙon ya nemi mai ɗaukar masa jaka, ta tura Nomau. Ta ce, "Kai wannan, ka bi shi. Kada ka bar kallonsa ko kaɗan, ka ji ni?" Ya ce, "Na ji, Inna."

Nomau ya shiga gaban Malam yana tafiya da baya, ido cikin ido. Malam ya ɗaga madubi zai duba kirinjijiya, sai ya ga hancin Nomau ya cika madubin. Ya juya gabas, Nomau ya zagayo gabas. Ya ce zai kewaya, Nomau ya tsuguna a gabansa. Da yamma Tasalla ta tare shi a ƙofa. "Me ya auna? Ina ya nuna?" Nomau ya ce, "Ban ga ko'ina ba, Inna, shi nake kallo. Amma yana da gibi a haƙoran ƙasa."

Wata rana Malam ya gaji, ya ce, "Nomau, aikin nan ba a motsi, ba a magana. Tsaya nan, sai na ce maka." Sai wani ɗan tsuntsu mai dogon baki ya tashi, Malam ya bi shi, ya yi ta bi har ya ɓullo ta bayan gari, ya manta da mutum. Nomau na tsaye cikin laka. Balbela ta sauka a kafaɗarsa ta yi abin da ta yi, ta tashi. Da la'asar Tasalla ta same shi. Ta kira, shiru. Ta girgiza shi, ko ƙiftawa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Ya kafe min ɗa! Jama'a, ya kafe shi!" Aka zo da rubutu, aka zo da hayaƙi, wani ya ɗura masa barkono a hanci. Hawaye na zuba, Nomau bai motsa ba. Sai da aka jawo Malam da wuyan riga, ya ce, "Subhanallahi, Nomau, ai sai ka taho." Nan take ya taho. To, ku gaya min, wa zai ga haka ya ce babu asiri? Wakili ya ce, "Kun gani ko? Mai kafe mutum, gona ce za ta gagare shi?"

Wata rana Nomau ya ga Malam ya wuce garken ɗinya, manyan agwagin dajin nan, bai rubuta komai ba. Ya ce, "Malam, waɗannan fa?" Malam ya ce, "Na rubuta su tuni. Wanda na riga na gani bana, ba ni da bukatarsa." Washegari Malam ya yi sammako, ya kwanta rub da ciki yana hangen wata agwagwa guda a tsakiyar garke, wadda ya ce shekara da shekaru yake nema. Bai gama daidaita madubi ba sai ga Nomau ya faɗa ruwa da gwangwani yana kaɗawa. "Ke an rubuta ki, tashi! Kai ma an rubuta ka!" Fadama ta tashi gaba ɗaya, sama ta yi baƙi. Ya fito yana haki ya ce, "Na share maka tsofaffin, Malam. Saura sababbi." Babu ko gashin guda. Malam ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Tasalla da ta ji, ta ce wannan baƙin cikin ba na agwagwa ba ne, akwai dai abin da aka ɓata masa.

Wata rana Wakili ya kira Nomau a gaban jama'a. Ya ce, "Mun gaji da mutumin nan. Ka kai shi inda babu tsuntsu ko ɗaya, ya yi zuciya ya bar mana gari." Nomau ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya shiga nema. Makabarta, akwai kurciya. Jujin gari, akwai ungulu. Ya leƙa rijiya, tsattsewa ta fito ta mare shi. Ya yi ta yawo har ƙafa ta tsage, sannan ya dawo ya ce ya samu.

Gari ya ɗunguma a bayan Nomau da Malam, kowa na son ya ga idon baƙo. Tasalla na gaba. Da Nomau ya kutsa cikin kacalla, sai aka ga Wakili ya soma gumi. Ya ce, "Kai, ba nan ba! Juyo!" Nomau bai juyo ba, don ba a ce masa aikin farko ya ƙare ba. Da rani da bazara babu mai zuwa wajen, sai damina. Suna ɓullowa sai ga fili fetal, an sare itatuwa, an banka wa ciyawa wuta, ko kukan tsuntsu babu. Ga turakun siminti a jere, kawunansu da jan fenti, na ƙarshe a tsakiyar gonar Tasalla.

Matasa suka yi kan Malam. Wakili ya ce, "Ai na faɗa muku! Aikinsa ne!" Nomau ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, Malam bai taɓa zuwa nan ba, ai babu tsuntsu. Kai dai na tarar jiya kana shafa musu fenti. Na duba samanka da kyau, ko ɗaya babu."

Kowa ya sauke ido kan hannun Wakili, ga jan fenti a farce, shi kuma ya cusa shi a aljihu. Ashe ya yi alkawarin filin ga wani mai kuɗi a birni, yana jira a kori baƙo a ce shi ya jawo. Kafin sati dagaci ya tuɓe shi. Tasalla kuwa ba ta jira kowa ba. Ta ɗaure zane, ta rungumi turken nan ta jijjige shi, ta ɗauka a ka har gida ta ɗaure akuyarta da shi. Da damina ta shuka shinkafarta.

Ta aika wa Malam ƙwaryar fura, amma ta ce a tsaya a kansa har ya shanye a dawo mata da ƙwaryarta. Kuma ta yi daidai. Mutumin da zai yini yana kallon agwagwa bai ce a yanka ba, ni ma ba zan bar masa ƙwaryata ba.

Ke Hajjo, rufe bakin nan. Sagiru, ɗauke min littafinka daga kan wake. Kowa ya wanke ƙafa ya kwanta, kada in sake jin motsin kowa.